Tambaya da Amsa: Izumo, garin da allolin Japan ke zuwa taron shekara

Wasiƙu biyar na zaɓa a wannan wata, dukkansu a kan wuri guda suka faɗa, wato babban wurin bautar Izumo na mabiya addinin Shinto a ƙasar Japan. Kamar kullum, abin da mutanen suka yi imani da shi nake kawo muku yadda suke faɗa da bakinsu. Ba da labari daban, yarda daban.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatun injiniya a Japan. Ya turo mini hoton wani gini da wata ƙatuwar igiya rataye a ƙofarsa, ya ce sunan wurin Izumo, wai a nan allolin ƙasar su miliyan takwas suke taruwa duk shekara. Malam, gumaka miliyan takwas a ɗaki ɗaya? Ina aka zuba su?
Daga wata uwa a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro sa'ar karatu ya dawo miki da shi lafiya. Ba a zuba su ko'ina ba, domin babu gumakan da za a zuba. Miliyan takwas ɗin ma adadin baka ne, abin da suke nufi kawai shi ne ba sa ƙirguwa. Su waɗannan ababen bauta da Japanawa ke kira kami, akwai rana a cikinsu, akwai dutse, akwai kogi, akwai shinkafa, akwai kakanni, har da mutanen da aka san ranar mutuwarsu. Wani bafade masani mai suna Sugawara no Michizane ya mutu a shekarar 903, yau shi ne kami na ilimi, ɗalibai na tururuwa wurinsa gab da jarrabawa. Wuraren bautar Shinto a faɗin ƙasar sun kai wajen 80,000, kuma a mafi yawansu abin da ke can cikin ƙuryar ɗaki madubi ne ko takobi ko dutse, a lulluɓe, mai ziyara ba ya ganinsa.

Shi Izumo yana jihar Shimane, a bakin tekun da ke yammacin babban tsibirin Honshu, kuma gidan mutum ɗaya ne, in dai za a kira shi mutum. Sunan maigidan Okuninushi. Akwai wasu tsofaffin kami biyar da aka ba mazauni a cikin babban ɗakin tare da shi, akwai kuma ƙananan ɗakuna a kewaye na matansa da danginsa, da na Susano'o, kami na guguwa, a can baya a gindin dutse. Sauran duk baƙi ne, mako guda suke yi su kama gabansu.

Ga yadda abin yake. A wata na goma na tsohuwar kalandarsu ta lissafin wata, wanda galibi yakan faɗo a Nuwamba, suna cewa kowane kami yakan bar garinsa ya taho Izumo. Shi ya sa a sauran sassan Japan ake kiran watan Kannazuki, watan da babu alloli, a Izumo kuwa Kamiarizuki, watan da alloli suke nan. Japan ta koma kalandar Turawa tun 1873, amma wannan biki har gobe da tsohon lissafi ake yin sa. Ran 10 ga watan da daddare masu hidimar ɗakin sukan fita bakin teku, wani wuri da ake kira Inasa mai nisan kamar kilomita guda, su hura wuta a kan yashi, su fuskanci ruwa su yi maraba da baƙin. Ana riƙe da rassan wani itace mai ganye kore, a nan ake ɗauka baƙin suka sauka, sai a lulluɓe da farin ƙyalle a rako su cikin gari, wani macijin ruwa da suke girmamawa yana gaba a matsayin ɗan jagora. Jama'a na tsaye gefen hanya, ba mai cewa uffan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masaukin. Gabas da yamma da babban ɗakin akwai wasu dogayen gine-ginen katako biyu, gajeru, kowanne da ƙofofi 19 a jere, kamar layin shagunan kasuwa da aka rufe da yamma. Lokacin da na je a rufe suke ruf, domin ba lokacin baƙi ba ne, sai wata tsohuwa da na gani ta tsaya gaban ɗaya daga ciki ta sunkuya, ta tafa hannu, ta wuce. Daga 11 zuwa 17 ga watan ake buɗe ƙofofin nan duka. Nan baƙin ke kwana. Da rana kuma suna zaman majalisa a wani ƙaramin ɗaki kusa da teku, inda ake yanke abin da zai faru a shekara mai zuwa: amfanin gona, da wa zai haɗu da wa, musamman wa zai auri wa. Tsofaffin zane-zanen Japan sukan nuna allolin a zaune suna ƙulla 'yan allunan katako masu sunayen maza da na mata. Wannan ne dalilin da 'yan mata da samari suka fi kowa cika wurin, kuma filin jirgin saman garin ma sunan ƙulla alaƙa aka raɗa masa.

A da, mutanen garin ba sa kiɗa, ba sa waƙa, ba sa buga gini a wannan mako, kada su dami masu taro. Ran 17 kuwa wani mai hidima yakan ƙwanƙwasa ƙofa yana kiran a tashi, a tashi, baƙi su fita. Su ma ba kai tsaye suke komawa gida ba, sai sun biya ta wasu wuraren bauta na yankin, an yi musu walimar ban kwana ran 26. Kada ki ce an bar garuruwa ba mai tsaro, sun tanadi amsa: Ebisu, kami na masunta da 'yan kasuwa, ba ya zuwa taro, shi ke gadin gida.

Igiyar da kika gani kuwa da karan shinkafa aka tufka ta. Wadda aka rataya a 2018 tsawonta mita 13.6, nauyinta tan 5.2, mutanen wani ƙaramin gari mai suna Iinan suka yi ta da hannu. Alama ce ta iyaka tsakanin wuri mai tsarki a wajensu da sauran fili. Ba a kan babban ɗakin take ba, a kan zauren bukukuwa take, inda ake ɗaura aure.

Tambaya: Malam, ni malamin tarihi ne. Na ji an ce ginin Izumo ya taɓa kai tsayin mita 48. Da katako zalla, shekaru kusan dubu da suka wuce? Ni dai ban gamsu ba.
Daga wani malamin makaranta a Damagaram

Amsa: Malam, ba kai kaɗai ba ne, masana da yawa a Japan ɗin ma sun daɗe suna ɗaukar maganar a matsayin cika bakin mutanen Izumo. Ginin da ke tsaye yau an gama shi a 1744, tsayinsa mita 24, kuma ko a haka babu irinsa cikin manyan ɗakunan Shinto na tsohon fasali. Masu gidan suka ce ai wannan rabin na da ne, na can farko ma wai ya kai mita 96, wanda wannan kam ba mai kare shi. Hujjojinsu biyu ne. Akwai wani littafin koyar da 'ya'yan manya na shekarar 970 da ya jera manyan gine-ginen ƙasar uku, ya sa Izumo a farko, gaba da zauren ƙaton mutum-mutumin Buddha na birnin Nara, wanda a lokacin ya kai wajen mita 45. Akwai kuma wani tsohon zanen gini a hannun gidan da ke gadon shugabancin wurin, yana nuna ginshiƙai tara, kowanne itace uku ne aka haɗa aka ɗaure da ƙawanyar ƙarfe. Aka ce wa ya taɓa ganin ginshiƙi haka?

A shekarar 2000 ana haƙa a harabar, sai ga su. Gungumen itace uku a manne, kaurin kowanne ya haura mita guda, ukun a haɗe sun kai mita 3, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hana su ruɓewa. Bincike ya danganta su da ginin da aka kammala a 1248. Yanzu suna gidan tarihin jihar da ke maƙwabtaka da wurin, kuma a daidai inda aka tono su an zana jajayen da'irori a kan daɓe. Na tsaya a kan guda, na buɗe hannuwana iyakar ƙarfina, ban kai faɗin ukun a haɗe ba. Wannan bai yanke cewa mita 48 cif ba ne, shi ya sa gidan tarihin ya jera samfura daban-daban na masana gini, wani dogo wani matsakaici, mafi shahara shi ne mai matakala mai tsawon mita 109. Amma ba wanda zai kafa irin waɗannan ginshiƙai don ɗan ƙaramin ɗaki. Sannan rubutattun bayanai sun nuna ginin ya sha kifewa tsakanin ƙarni na 11 da na 13, abin da ya dace da gini mai tsayin da ya fi ƙarfin ƙafafunsa.

Tambayar da ta fi wannan daɗi ita ce, me ya sa gini mafi tsayi ya kasance a can gefen ƙasa, nesa da fadar sarki? Tsofaffin littattafan tarihin Japan biyu, Kojiki na 712 da Nihon Shoki na 720, sun ba da amsa ta hanyar hikaya. Okuninushi shi ya gyara ƙasa, ya koya wa mutane noma da magani, yana mulkinsa. Sai Amaterasu, allahiyar rana wadda gidan sarautar Japan ke cewa daga gare ta suka fito, ta ce ƙasar ta zuriyarta ce. Ta aiko manzo na farko, ya zo ya ga wuri ya zauna, shekara uku ba labari. Na biyu ya zo ya auri 'yar maigida, shekara takwas shiru. Na uku bai zo wasa ba: ya kafa takobinsa a bakin tekun Inasa, tsinin yana sama, ya hau ya harɗe a kai, ya ce a ba shi amsa. Ɗan Okuninushi na farko ya sallama. Na biyu ya nemi a gwada ƙarfi, ya sha kashi, ya gudu har Suwa a tsakiyar ƙasar. Sai uban ya ce to, na bar muku, amma a gina mini fada mai ginshiƙai a kan dutsen ƙarƙashin ƙasa, kanta yana taɓa sama. Aka raba aiki: abin da ido ke gani na zuriyar Amaterasu, abin da ke ɓoye nasa. Daga nan ne ya zama mai masaukin taron shekara.

Ni a karatuna, Malam, wannan labarin sulhu ne tsakanin masarautu biyu, wanda ya ci ya rubuta shi, ya kuma biya wanda aka ci da gini da girma don a zauna lafiya. Ƙasa ma ta ba da shaida. A 1984 aka tono takubban tagulla 358 a jere a wani kwari mai suna Kojindani, kusa da Izumo, adadin da ya zarce duk waɗanda aka taɓa samu a faɗin Japan kafin ranar. A 1996 kuma aka samu ƙararrawar tagulla 39 a Kamo Iwakura. Wanda ya binne wannan dukiya wajen shekaru dubu biyu da suka wuce ba ƙaramin sarki ba ne. Har yau ɗakin kudu yake kallo, amma mazaunin Okuninushi a ciki yamma ya juya, wajen teku, don haka waɗanda suka san kan wurin sukan zagaya ta gefen yamma su sake gaisuwa.

Tambaya: Baba, me ya haɗa wurin da zomaye? Duk hoton da na gani sai na ga mutum-mutumin zomo.
Daga wata ɗaliba a Zangon Kumasi

Amsa: 'Yata, tatsuniya ce da kowane yaro a Japan ya sani. Okuninushi yana da 'yan'uwa tamanin, suka tafi neman auren wata gimbiya a Inaba, suka ɗora masa kayansu yana biye. A hanya suka tarar da zomo an saɓule masa fata, don ya yaudari wasu manyan kifaye ya taka bayansu ya haye teku, ya kuma yi saurin yi musu dariya kafin ya sauka. 'Yan'uwan suka ce ya yi wanka da ruwan gishiri ya sha iska, ciwo ya ƙaru. Shi kuwa mai ɗaukar kaya ya ce ya wanke da ruwan daɗi, ya yi birgima a garin furen kacalla, ciyawar nan da ta addabi masunta da manoman fadamar Haɗeja da Nguru. Zomo ya warke, ya ce kai za ka auri gimbiya, haka kuwa aka yi. Zomayen dutsen da kike gani sababbi ne, ado ne, ba bauta musu ake yi ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, wa ke riƙe da wurin, gwamnati ko sarki? Kuma gaskiya ne addinin bai taɓa canzawa ba tun fil azal?
Daga wani ma'aikaci a Kano

Amsa: Tare da naka. Gadon gida ne. Manzon nan na farko da ya zo ya ƙi komawa, sunansa Ame no Hohi, shi ne ake cewa aka naɗa ya riƙa yi wa Okuninushi hidima, kuma masu shugabancin wurin suna jan salsalarsu zuwa gare shi. A ƙarni na 14 gidan ya rabu biyu, Senge da Kitajima. Wanda ke kai yanzu, Senge Takamasa, shi ne na 84 a lissafinsu. Sabon shugaba ba ya kama aiki sai ya gaji wuta, wadda ake murza itace da itace a fitar. A watan Oktoban 2014 ɗansa Kunimaro ya auri Gimbiya Noriko ta gidan sarautar Japan, aka ɗaura a Izumo, wato zuriyar mai aike da zuriyar ɗan aike suka zama surukai.

Batun rashin canzawa kuwa, wannan zancen takardun jawo masu yawon buɗe ido ne. Kafin 1871 sunan wurin ma Kizuki ne. Tsawon ƙarnuka addinin Buddha ya cakuɗe da Shinto a nan kamar yadda ya yi ko'ina a Japan, har da hasumiyar Buddha a cikin harabar, sai a ginin 1667 aka kwashe su. Abin da ya fi wannan: a wancan zamani ba Okuninushi ake ɗauka shi ne maigida ba, Susano'o ne. Ƙofar tagulla da wani basarake na gidan Mori ya bayar a 1666 tana nan tsaye a bakin shiga, rubutun da ke jikinta Susano'o ya ambata. Dubban mutane ke bi ta ƙarƙashinta kullum ba tare da sun ɗaga kai ba.

Da gwamnatin Sarki Meiji ta zo a 1868 ta raba Shinto da Buddha da ƙarfin doka, ta ɗora Amaterasu da wurin bautarta na Ise a saman kowa. Shugaban Izumo na lokacin, Senge Takatomi, ya tashi haiƙan a sa Okuninushi cikin jerin allolin babban ofishin Shinto na Tokyo, tunda shi ke da duniyar ɓoye. Rikici ya yi zafi har sai da fada ta sa baki a 1881, aka ba Ise gaskiya. Karo na biyu ke nan Izumo na sallamawa. A Disambar 1945, bayan Japan ta sha kaye a yaƙin duniya, hukumar mamaya ta Amurka ta raba Shinto da gwamnati. Tun daga nan wurin ƙungiyar addini ce mai cin gashin kanta, gwamnati na shigowa ne ta fuskar adana kayan tarihi, domin an sa babban ɗakin cikin dukiyar ƙasa a 1952. Kusan duk shekara 60 ake kwashe maigida zuwa ɗakin wucin gadi a sabunta rufin ɓawon itace. Na baya-bayan nan an fara a 2008, aka mayar da shi a Mayun 2013, wanda ya gabace shi kuma 1953.

Kada kuma ka ɗauka duk mai tafa hannu a wurin zai ce maka shi mabiyin Shinto ne. Bajapane ɗaya sai a kai shi ɗakin Shinto yana jariri, ya yi aure a coci, a yi masa jana'izar Buddha, bai ga wani saɓani ba. Shi ya sa in aka tara alƙaluman mabiya da ƙungiyoyin addinai ke miƙa wa gwamnati, jimillar takan zarce yawan mutanen ƙasar da miliyoyi masu yawa.

Tambaya: Malam, ina zuwa Japan sarin kayan gyaran mota. In na samu sarari zan iya leƙa wurin? Ba za a tilasta mini yin wani abu ba?
Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi

Amsa: Alhaji, hukuncin shiga irin waɗannan wurare na malamanka ne, ka tambaye su kafin ka tashi. Abin da zan gaya maka shi ne yadda wurin yake. Ba a biyan kuɗin shiga harabar, ba mai tambayarka addininka, ba mai cewa ka sunkuya. Masu bauta sukan wanke hannu a bakin shiga, su jefa tsaba a akwati, su sunkuya sau biyu, su tafa sau huɗu, su sake sunkuyawa sau ɗaya. A yawancin wurare tafi biyu ne, huɗun nan na Izumo ne, ranar babban bikin 14 ga Mayu ma takwas suke yi. Kai dai ka koma gefe ka ba su wuri. A hanyar shiga mai jerin itatuwa kada ka bi ta tsakiya, sun ware ta. Babban ɗakin yana cikin shinge, daga waje kowa ke hango shi. In tarihi ne ya kai ka, ginshiƙan da takubban suna gidan tarihi ne, sai ka bincika ko a buɗe yake kafin ka kama hanya.

Wurin da nisa. Daga Tokyo akwai jirgin sama, akwai kuma jirgin ƙasa na kwana mai suna Sunrise Izumo, tafiyar wajen awa 12. A makon taron alloli masauki yakan yi wuya, ka kama tun da wuri ko ka kauce wa lokacin. Ka tafi da dardumarka, domin masallatai a manyan birane suka fi yawa, irin su Kobe mai masallaci tun 1935.

Sai abinci. Garin ya yi suna da taliyar soba, baƙa-baƙa, a 'yan kwanuka uku a ɗore, amma romon da ake zuba mata galibi akwai mirin a ciki, wani ruwan girki mai barasa, don haka ka tambaya tukuna. Akwai kuma zenzai, jan wake ne da sukari da curin shinkafa, da zafinsa ake sha. Shi ma ka tambaya, amma yawanci abin da ke ciki ke nan.